Battling Siki: zakaran da ake mantawa da shi a fada



In kana zaman fada bayan isha'i, ka san yadda gardamar take tashi. Shayi na kan gawayi, wani ya zaro salula ya nuna wani tsohon bidiyon dambe, shi ke nan an shiga. Wannan ya ce Muhammad Ali ne gaba da kowa, wancan ya rantse da Mike Tyson, wanda ya zama zakaran duniya na masu nauyi a 1986 yana da shekara 20 kacal. Mai son lissafi zai jefo maka Floyd Mayweather da wasanninsa 50 ba faɗuwa, ko Rocky Marciano da nasa 49. In akwai wanda ya ɗan yi bincike a wurin, sai ya tuna muku da Joe Louis, wanda ya riƙe kambu tun daga 1937 har 1949, ya kare shi sau 25. A kai shayi na uku ba a daidaita ba, a watse, gobe a sake ɗorawa daga inda aka tsaya.

Na sha zama irin wannan gardama, ni ma ina da gwanina. Amma ban taɓa jin wani ya ambaci sunan mutumin da zan ba ka labarinsa ba, alhali ya fi duk waɗancan kusa da mu. Ɗan Afirka ta Yamma ne, daga gidan Musulmi ya fito, Turawan da suka mulki kakanninmu su suka mulke shi, kuma shi ne haifaffen Afirka na farko da ya zama zakaran duniya a damben zamani. Duniya ta san shi da Battling Siki. Sunansa na gida Amadu Mbarik Fall.

An haife shi a watan Satumba na 1897 a birnin Saint-Louis na ƙasar Senegal, wanda mutanen wurin ke kira Ndar. Riƙe wannan da kyau, don zai yi amfani nan gaba. Saint-Louis tsohon birni ne a bakin kogi da teku, mai tashar jiragen ruwa da makarantu da masallatai, kuma a lokacin da aka haifi Siki shi ne hedikwatar duk ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, kafin a mayar da ita Dakar a 1902. Yana cikin garuruwa huɗu na Senegal da Faransa ta bai wa mutanensu wani matsayi na dabam, har suna zaɓen depite mai wakiltarsu a majalisar Paris.

Yana yaro ƙarami ya bar gida. Wata Baturiya mai wasan rawa ce ta tafi da shi Faransa, daga baya ya wayi gari shi kaɗai a kudancin ƙasar, wajejen Marseille, ba uwa ba uba, ba wanda zai ce masa tashi ka yi salla. Ya yi wanke-wanke a gidajen abinci don ya ci. A nan aka maƙala masa sunan Louis, a nan kuma ya fara shiga fagen dambe yana da kamar shekara 15. Bai yi wani fice ba a lokacin: yau ya ci, gobe a cinye shi, kuɗin kuma bai taka kara ya karya ba.

Sai yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914, ya shiga sojan Faransa. Ya fito da rai, da lambobin yabo biyu na jarumta, Croix de guerre da Médaille militaire, waɗanda ba a ba kowa su a banza. Wani abu da ke ɗaure mini kai duk lokacin da na tuna: a daidai shekarun da Siki ke ba da jininsa don Faransa, a 1916 da 1917, Kawsan da mutanensa sun kewaye barikin Faransa a Agadas suna yaƙar wannan tuta ɗin. Haka zamanin yake. Ba na ce ɗaya ya fi ɗaya sanin abin da yake yi ba, amma ya kamata ka san su biyun lokaci ɗaya suka rayu.

Bayan yaƙi ya koma dambe a 1919, kuma wani mutum ne dabam ya dawo. Jiki ya cika, tsoro ya fita. Cikin shekara uku ya yi nasara sama da sau 40, a Faransa da Holan da Jamus da Beljiyam, faɗuwarsa ba ta kai a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. A Rotterdam ya zauna, ya sami iyali, aka haifa masa ɗa. Ajinsa shi ne na masu matsakaicin nauyi na sama, wato waɗanda ba su wuce kilo 79 da ɗoriya ba, wanda a lokacin yake aji ɗaya ƙasa da na manyan ƙarti irin su Ali.

Sarkin wannan aji a lokacin Georges Carpentier ne. Sai ka fahimci ko wane ne shi kafin ka gane girman abin da ya faru. Carpentier shi ne ɗan gatan Faransa: kyakkyawa, mai iya magana, matuƙin jirgin sama a lokacin yaƙi, mai hannun dama kamar guduma. A watan Yuli na 1921 ya je Amurka ya kara da Jack Dempsey, wasan farko a tarihi da kuɗin ƙofa ya haura dala miliyan ɗaya. An kayar da shi a turmi na huɗu, amma hakan bai rage masa komai a idon mutanensa ba, tunda Dempsey ya fi shi nauyi nesa. Ya jima bai yi wasa a gida ba, don haka aka nemo wanda zai doka a gaban ƴan Paris, a ɗauki fim, a sayar. Aka zaɓi Siki.

Ranar Lahadi 24 ga Satumba 1922, a filin Buffalo da ke Montrouge a gefen Paris, mutum wajen 40,000 suka taru. Bisa abin da Siki ya faɗa da bakinsa daga baya, an riga an shirya wasan: manajansa Charles Hellers ya sanar da shi cewa an yi magana da ɓangaren Carpentier, zai faɗi da wuri, ba za a ji masa ciwo ba, a ba shi kasonsa. Kuma ya yarda. Kada ka yi saurin zarginsa, baƙar fata mai neman na abinci a Turai ta wancan lokaci, in ya ƙi, wa zai sake kiransa? Farkon wasan ya tafi yadda aka tsara, har ya kai gwiwa ƙasa ba tare da an taɓa shi sosai ba. Amma Carpentier ya fara saukar masa da naushin gaske. A turmi na uku ya kai shi ƙasa da ƙarfi. Siki ya tashi, kuma daga nan yarjejeniya ta mutu. Cikin wannan turmin ya mayar da biki, ya kai zakaran ƙasa. Turmi na huɗu da na biyar duka ne kawai, fuskar ɗan gatan Faransa ta kumbura, jini na zuba. A turmi na shida Carpentier ya zube, bai tashi ba.

To ga inda abin kunyar yake. Alƙalin wasa, Henri Bernstein, ya ce Siki taɗiye shi ya yi, ya ba wanda ke kwance nasara. Sai filin ya ɗauki ihu. Kuma ka lura, Faransawa ne suka yi ihun, mutanen da suka biya kuɗi don su ga gwaninsu ya ci. Idonsu ya gani, suka ƙi yarda. Dole alƙalan gefe suka zauna suka soke hukuncin, aka ɗaga hannun Siki a matsayin zakaran duniya da na Turai. Wannan gaskiya ce da ya kamata a faɗa, don ba duk Baturen da ke wurin ne ya goyi bayan zalunci ba.

Ka duba kwanan watan nan kuma. Bayan wannan wasa da kwana 19, ranar 13 ga Oktoba 1922, Faransa ta mayar da ƙasarmu cikakkiyar koloni, da hedikwata a Damagaram. Wato a watan da ake ƙara ɗaure igiyar mulkin mallaka a nan, bisa hujjar cewa baƙar fata bai kai Bature ba, wani ɗan Ndar ya shimfiɗe gwarzonsu a tsakiyar babban birninsu, kyamara na ɗauka. Ka ga dalilin da ya sa ba a bar shi ya ji daɗin abin ba.

Jaridu suka taso masa. Aka riƙa zana shi kamar dabbar daji, ana rubuta cewa daga kurmi ya fito, bai san komai ba sai ƙarfi, har da masu kamanta shi da biri. Mutumin da aka haifa a birni, ya girma a Faransa, yana jin harsuna fiye da yawancin masu zaginsa, ya kuma yi musu yaƙi. Shi kansa ya sha faɗa wa ƴan jarida cewa bai taɓa ganin kurmi ba a rayuwarsa, amma wa ke saurare? Labarin biri ya fi sayuwa. Cikin waɗanda suka tsaya masa da alƙalami akwai wani matashi ɗan Biyetnam da ke zaune a Paris, yana rubutu a wata ƙaramar jarida mai suna Le Paria. Shi ne wanda duniya ta sani daga baya da Ho Chi Minh.

Ba a yi wata biyu ba, hukumar damben Faransa ta dakatar da shi, ta ce ta karɓe kambunansa, bisa zargin ya doki wani manaja a wurin wani wasa. A Ingila kuwa gwamnati da kanta ta hana karawar da aka shirya tsakaninsa da Joe Beckett a Landan, don gudun abin da mutanen ƙasashen da take mulka za su ɗauka in suka ga baƙi ya sake doke fari. Da aka matsa shi bango, sai ya fasa ƙwai, ya bayyana cewa wasan Carpentier shiryayye ne. Blaise Diagne, baƙar fatar Afirka na farko da aka zaɓa depite a majalisar Faransa tun 1914, ya tashi a zauren majalisa ya kare shi. Hukumar ta binciki kanta da kanta, ta wanke kanta da mutanenta, daga baya ta mayar masa da izinin wasa. Amma ƙofofi sun riga sun rufe.

Ƙofa ɗaya ta rage, kuma mummuna ce. Ya yarda ya kare kambunsa da Mike McTigue, haifaffen Ailan, a birnin Dublin, ranar 17 ga Maris 1923, ranar babban bikin ƙasar. Ka ƙaddara baƙo ya je garin ɗan kokowa ranar da garin ke karɓar gasar takobi, ya ce zai kayar da ɗan gida a gaban sarki da makaɗa. Ga shi ƙasar na cikin yaƙin basasa, har bam ya tashi kusa da gidan wasan a ranar. Aka yi turmi 20, ba wanda ya kayar da wani, alƙali ya ba McTigue. Har yau masu nazarin dambe na jayayya a kan hukuncin: wasu sun ce Siki ne ya yi ta kai hari tun farko, wasu sun ce McTigue ya fi shi dabarar kaucewa. Ko ma yaya ne, kambun ya tafi bai cika wata shida a hannunsa ba.

Yanzu zan faɗa maka abin da wasu za su so a ɓoye a littafi irin wanga. Siki bai zama abin koyi ba a halayensa na ƙarshe. Ya faɗa shan giya sosai. Kuɗi na shigowa, suna fita a rana ɗaya, a tufafi masu tsada da shagali da rabo ga duk wanda ya miƙo hannu. Ya yi yawo a titunan Paris riƙe da ɗan zaki a igiya. Yakan yi rigima da direbobin tasi da ƴan sanda, ya bar motsa jiki. Kusan kamar ya ce tunda dodo kuke so, ga dodo. Ba na ba shi uzuri, giya giya ce, kuma ita ta ci rabin ƙarfinsa kafin abokan karawa su ci sauran. Sai dai ina roƙonka ka tuna yaron nan da ya bar Ndar ba tare da wani babba a kansa ba, ya wuce daga wanke kwanoni zuwa ramukan yaƙi, daga nan zuwa ɗaukaka ta dare ɗaya, kewaye da mutanen da kowannensu ke ci da guminsa. Mu da ke da ƙungiya, da malamai, da abokan da za su ja mu gefe su ce kai wane ka ji tsoron Allah, mun san darajar abin da shi bai samu ba? Kuma da yawanmu na da wa ko ƙane a Libiya ko Aljeriya ko Turai, shi kaɗai, ba mai tambayarsa ko ya ci ko ya yi salla.

A ƙarshen 1923 ya tafi Amurka. Wasansa na farko babba a can, da Kid Norfolk a Madison Square Garden, turmi 15 na gumurzu, ya faɗi da maki. Daga nan abin ya yi ta gangarowa, faɗuwa ta fi nasara yawa. A watan Maris na 1925 Paul Berlenbach ya yi masa dukan da sai da aka tsayar da wasan. Da asubahin 15 ga Disamba 1925, wani ɗan sanda ya tsince shi kwance a kan titi a unguwar Hell's Kitchen ta birnin New York, kusa da gidansa, da harsashi biyu a baya. Shekararsa 28. Ba a taɓa hukunta kowa a kan kisan ba.

To mu koma fada. A ina za ka sa shi in ana jera gwanaye? In ma'auninka ƙwarewa ce da daɗewa a kan kambu, gaskiya ba ya cikin goman farko, ba ya ma cikin ashirin, kuma ba zan yi maka ƙarya don ɗan Afirka ne ba. Bai kare kambunsa ko sau ɗaya da nasara ba. Salonsa na ƙarfi ne da juriya da kai hari, ba irin na Sugar Ray Robinson da masana da yawa ke sa shi a kan kowa ba. Ko cikin ƴan Afirka, ni a ganina Dick Tiger na Najeriya ya fi shi, wanda ya ci kambun masu matsakaicin nauyi a 1962, ya kuma hau ya ci irin kambun Siki ɗin a 1966. Haka Azumah Nelson na Gana, wanda ya shekara da shekaru yana zakara.

Amma lissafin nan na nawa ya ci nawa ya faɗi yana da makanta. Mayweather shi ke zaɓen wanda zai kara da shi, da lokaci, da wuri, da nawa za a biya shi. Siki kuwa an kira shi ne don ya faɗi, alƙalin wasa na gaba da shi, hukuma na gaba da shi, gwamnatin wata ƙasa ta rufe masa iyaka. A zamaninsa Dempsey bai taɓa ba baƙar fata damar neman kambunsa ba, ko da Harry Wills ya shekara yana jira. Ta yaya za ka sa wasanni 50 na wanda ke riƙe da wuƙa da nama a sikeli ɗaya da na wanda aka ɗaure wa hannu? Abin da ya sa muke ɗaukaka Ali ma ai ba maki kaɗai ba ne. Ali ya faɗi sau biyar. Muna ɗaukaka shi ne don ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam a 1967, aka ƙwace masa kambu, ya rasa shekara uku da rabi na ƙuruciyarsa, ya dawo ya doke George Foreman a Kinshasa a 1974. In da wannan ma'auni muke auna Ali, to adalci ne mu auna Siki da shi, ko da tsayuwar tasa ta turmi huɗu ce a rana ɗaya. Bayansa sai da aka yi shekara 35 kafin Hogan Bassey na Najeriya ya ci kambun duniya a 1957, shi ma a Paris. Mu a nan sai 1972 Isaka Dabore ya kawo mana lambar Olimpik ta farko a tarihin Nijar, tagulla, daga Munich, kuma a dambe ya ciwo ta.

Na san wani zai ce me ya kawo ɗan dambe cikin littafin ƙungiyar matasa Musulmi, alhali malamai da yawa ba su yarda da wasan da aka gina a kan dukan fuska da jikkata mutum ba. Maganarsu na da tushe, kuma wanda ya ga yadda Ali ya ƙare da rawar jiki har rasuwarsa a 2016 ba zai raina ta ba. Ban rubuta wannan don in tura ka fage ba. Na rubuta ne don na yi shekaru ina karatu da Hausa da Faransanci, na haddace sunayen gwamnoni da janar-janar na Turawa, ban taɓa cin karo da sunan wannan bawan Allah a aji ba, sai da na girma na tsince shi da kaina. Shago ya sami Ɗan Anace, shi ya sa har gobe yaran da ba su taɓa ganinsa ba suka san sunansa. Siki bai sami mawaƙi ba, maƙiyansa ne suka rubuta tarihinsa, kuma su aka yi ta karantawa shekara da shekaru.

Ko gawarsa ma ba ta dawo gida da wuri ba. A unguwar Harlem aka yi taron bankwana da shi, wani fasto, Adam Clayton Powell babba, shi ya jagoranta, aka binne shi a maƙabartar Flushing da ke New York. Can ya kwanta shekara 68. Sai a 1993, da taimakon hukumar dambe ta duniya WBC, aka tono ƙasusuwansa aka kai su Senegal. Mutanen Ndar suka fito suka tarbe shi, aka yi masa salla irin ta Musulmi, aka sa shi a ƙasar garin da ya bari yana yaro.

Allah ya gafarta masa kurakuransa, ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya. Amin.